Gyaran teburin injin zarton yanka zane don katako ya riƙa sulɓi

Lura da kyau, malam. Ana juya katako a kan layi, sai ya cije, a ƙara ƙarfi, ya zabura gaba ɗaya. Layi ya karkace, siririn zarton ya tsinke. Sau da yawa zarto ake zargi, alhali teburin ne ya yi kaushi. Wannan inji da kan yatsu ake tuƙa masa katako, ƙaramar cijewa ma ɓarna ce.

Fara da zare wayar daga soket, domin wutar da aka ɗauke ba ta sallama idan za ta dawo. Kwance zarton ka ajiye. Sannan ɗora maganaɗisu a kan teburin. In ya kama, ƙarfen zubi ne, tsatsa ce abokiyar gabarsa. In bai kama ba, alminiyam ne: ba ya jar tsatsa, amma yana barin baƙin shafi a bayan katako, kuma bai son a kankare shi da ƙarfi.

Jiƙa tsumma da kananzir kaɗan ka goge danƙon itace da ragowar gam. A teburin ƙarfe, naɗa samfefa mai lamba 400 a jikin ɗan katako mai shafaffiyar fuska, ka riƙa gogawa gaba da baya, dogon ja, ko'ina daidai. Kada ka sa yatsa tsirara ka nace wa tabo ɗaya, rami za ka yi. Bi da mai lamba 600. Baƙin tabon da ya rage bayan tsatsa ta fita, in farce bai ji shi ba, ƙyale shi. Alminiyam kuwa tsumma ya ishe shi, musamman in yana da rufin fenti. Daga nan ka share da busasshen tsumma har sai farin ƙyalle ya fito fari, don kananzir yana barin maiƙo.

A nan ne kafintoci da yawa ke kuskure: baƙin mai, giris, ko man gyaɗa. Yau sulɓi, gobe ƙurar hunturun Maraɗi ta zauna a kai ta zama kwaɓi, man ya shiga katako, gam ya ƙi kamawa. Man feshi mai silikon ya fi su sharri, don fentin da ka shafa daga baya zai riƙa tsagewa ɗigo-ɗigo kamar idon kifi.

Kaki ne maganin. Na gwangwani da ake shafa wa kayan katako, marar silikon, shi ya fi. Lakaci kamar ƙwayar gyaɗa biyu, shafa siriri a zagaye, jira minti 10 zuwa 15 har fuskar ta yi hazo, sai ka murza da tsohuwar riga ta auduga. A karon farko shafi biyu. In babu na gwangwani, goga guntun farin kyandir ka murza sosai. Kakin zuma zalla yana da danƙo, zafin watan Afrilu kuwa ƙara masa yake yi. Kakin da ya yi kauri, shi ma riƙe katako yake yi.

In har yanzu yana cijewa, shafa yatsa a faifan da ke kewaye da ramin zarto, ko ya ɗago sama da teburin. Juya katakon ma: hujin da ka yi don zura zarto yana barin kaushi a baya, share shi da samfefa. Ƙafar injin da ke danne katako kuma taɓawa kawai za ta yi, ba matsewa ba.

Da rani, sabunta kakin sau ɗaya a wata ga mai aiki kullum. A Yuli da Agusta, lokacin da damina ta kankama, kowane mako biyu. Kofin shayi kada ya hau teburin, zufar hannu a goge ta kafin a tashi. In za ka rufe shago, lulluɓe injin da zane, ban da leda, don leda tana tara raɓa a ƙarƙashinta.