Me Ke Kashe Sababbin Bas-bas a Gareji?

[Hoto: bas-bas jere a ajiye, ciyawa ta fito ƙarƙashinsu]

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatoci suka duƙufa sayen bas-bas don rage wa jama'a tsadar kuɗin mota. Da an ga hoto irin wannan kuwa, sai ka ji ana cewa, "Ai jabu aka sayo." Sau tari ba a masana'anta cutar take ba. Tana nan inda motar ke kwana.

Aikin gareji sananne ne: a yi juye, wato sauya man inji, kan lokaci, a duba birki, a sauya matatar iska, balle da hunturu da ƙura ke shaƙe inji. Wannan kowane direba ya sani.

[Hoto: bakanike a ƙarƙashin mota]

To ga inda ake ruɗewa. Bas ta dawo da yamma, famfon man inji ya mutu. Aka leƙa siton kayan gyara, babu. Kafin a sayo sai takarda ta zaga ofis-ofis, kayan kuma na waje ne, da dala ake shigo da su. Gobe da asuba fasinja na jira. Sai bakanike ya waiga ya ga wata bas da tayoyi kawai take jira, ya kwance famfonta ya ɗaura wa wannan.

Mota ta fita aiki, kowa ya ji daɗi. Amma waccan fa? Jiya abu ɗaya take nema, yau biyu. Mako mai zuwa a ɗauke batir ɗinta, sai fitila, sai gilashi. Ku dube ta da kyau. Ba ta taɓa yin hatsari ba, a tsaye aka cinye ta.

Ni dai ban ga laifin bakaniken ba, wallahi. Shi ma umarni aka ba shi, ba a ba shi kayan aiki ba. Mai motar haya ɗaya, shi da kansa zai ruga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kafin la'asar ya dawo kan titi. Garejin gwamnati ba ya da wannan damar.

[Hoto: bikin ƙaddamarwa, ana yanka ƙyalle]

Idan an kawo sababbi jiharku, ku tambaya: nawa aka ware wa sito, kuma wa aka horar ya san injin wannan samfurin?