Jawabin maraba ga babban baƙonmu makaɗin piyano, daga kwamitin shugabannin kwaya (ƙungiyoyin mawaƙan coci) na Jos

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Iyayenmu limamai, zumuntar mata da matasa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Sunanka ya riga ka isowa. Mun san shekarun da ka yi a manyan zaurukan Landan da Jamus kana zaune gefen mawaƙi, kana numfashi tare da shi, kana sassauta hannu idan muryarsa ta yi sanyi, kana sauko masa da kiɗan zuwa ƙasa nan take ranar da maƙogwaronsa ya gaji. Jama'a sukan tafa wa mai murya su manta da makaɗi. Mu ba ma mantawa, domin a ƙasarmu kowa ya san aikin da kalangu yake yi a bayan Shata.

Ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba: piyanonmu yana mutuwa. Shi kaɗai gare mu. Hunturu ya busar da katakon cikinsa har ya tsage, tsirkiyoyi sun saki, maɓallan tsakiya idan an danna ba sa dawowa sai yaro ya sa farce ya ɗago su. Abin da ke ɗauke da tsirkiya fiye da 200 yana bukatar gwani ya saita shi duk shekara, mu kuwa sai mun yi karo-karo mun ɗauko mutum daga Legas. Roƙonmu shi ne ka taimaka a gyara shi, a kuma koya wa matashi ko da guda ɗaya daga cikinmu wannan sana'a.

Jos ba baƙuwar waƙa ba ce. Kuza ta tara kabilu a kan wannan tudu, kowa ya zo da muryarsa. Kakanninmu sun haddace Littafin Waƙoƙi da do-re-mi a hasken fitilar ƙwai, suna rera murya huɗu ba tare da kayan kiɗa ba. A nan Ɗanmaraya ya girgiza duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Amma tun da aka kafa MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, a Legas a 1983, manyan baƙi irinka sukan sauka can, su koyar can, su juya gida. Muna taya 'yan'uwanmu murna, amma abin yana mana ciwo.

Schubert, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600, kuma a cikinsu piyano ne yake sukuwar doki, shi ne yake gudun ruwan rafi. 'Ya'yanmu suna son su koye su, tare da waƙoƙin su Ayo Bankole da Akin Euba, masu tsara kiɗa 'yan Najeriya. A ƙaramin kibod na lantarki, wanda yake shiru da zarar an ɗauke wuta, hannu ba ya koyon nauyi da taushi.

Muna kuma roƙon littattafan kiɗa, da kwana biyu na darasi ga masu raka mawaƙanmu. Amma in ɗaya za ka iya, ranka ya daɗe, piyanon nan ne. Yana ɗakin baya, kuma muna roƙo ka taɓa shi da hannunka kafin a kawo abinci.