An gama kine, ciwon kwatangwalo ya biyo mu gida

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Daga nan Maradi muke, hunturu ya buso tun asuba, ƙura ta rufe gari. Ni ce Hadiza, ga Yaya Laminu, ma'aikacin gashin ƙashi, abin da muke cewa kine. Ga kuma Baba Isufu tela, da ya daure ya hawo adaidaita daga unguwar Bagalam. Yau kan ciwon kwatangwalo za mu tattauna. Baba, ya jiki?

Baba Isufu: Da sauƙi, ɗiyata. Haka muka gada, ko mutum na nishi "da sauƙi" zai ce. Amma tunda don jama'a su ƙaru kuka kira ni, jiya sau uku ciwon ya tashe ni daga barci.

Laminu: Allah ya ƙara afuwa, Baba. Zaman kine nawa aka rubuta maku?

Baba Isufu: Zama 20 likita ya sa a ordinansi, wato takardar magani, ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe na ɗauka an rufe babi. Sai ga ƙaramar salla ta matso, ɗinki ya taru. Wata safiya na tashi garau, na taka da ƙafa har babbar kasuwa sayen zare da shafi, na dawo na hau keken ɗinki, ban sauka ba sai magariba. Kwana uku na yi a kwance, ko buta sai an miƙo mini. Ranar da raina ya ɓaci ke nan, na ce ashe kuɗina na zubar.

Laminu: Ba ku zubar ba, Baba, amma akwai bayanin da ya kamata a yi maku tun zaman farko. Kan ƙashin cinya dunƙule yake, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙugu, kamar taɓarya a turmi. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi. In ya cinye, ba gashin da zai dawo da shi. Aikinmu shi ne ƙarfafa naman da ke kewaye da gaɓar, na ɗuwawu da na cinya, don ya rage mata wahala. A tafiya kawai, gaɓar nan tana ɗaukar kusan nauyin jikin mutum sau uku. In aka ajiye motsa jiki, cikin ƴan makonni naman ya saki, kayan ya koma kan ƙashi.

Hadiza: Ke nan ranar da mutum ya ji sauƙi ita ce ta hatsari.

Laminu: Ita ce. Ciwon da ya haura wata 3, likitoci sun ba shi matsayi na daban, ba a bi da shi kamar targaɗe. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun riga sun zama masu saurin firgita. Shi ya sa nake cewa a auna aiki. In minti 30 kan keke ne ke tada ciwo, a yi 20 a tashi, a zagaya, a dawo. Ran sauƙi 20, ran tsanani ma a gwada ko 10 ne.

Baba Isufu: Tashi alhali ba ka gaji ba, ga mai kaya tsaye a kanka, wannan shi ne wuyar.

Hadiza: Ni tawa hanyar daban ce, Baba. Da sikila aka haife ni. Ina shekara 19 gwiwata ta fara ciwo, wata da watanni ana shafa mata man zafi, har wanzami ya yi mini ƙaho. Sai da aka ɗauki hoton ƙugu aka ga gwiwar lafiyarta lau, kan ƙashin cinya ne ke mutuwa saboda jini ba ya isa gare shi.

Laminu: Wannan yana yawan ruɗa mutane. Ciwon kwatangwalo ya fi fitowa a matsematsi, ya gangaro ta gaban cinya har gwiwa. Duk mai sikila da ya fara ɗingishi, a duba ƙugunsa tun da wuri.

Hadiza: Abin da ya fi ci mini rai ba sandunan da na yi wata huɗu ina dogarawa ba ne. Maganar mutane ce. Mu je biki, kowa a tabarma, in nemi kujera, sai ka ji wata ta ce, "Ke yarinya ƙarama, me ya ci ki?" Ciwon ba ya jini, ba ya kumburi, ba abin da zan nuna. Akwai lokacin da na daina shiga mutane gaba ɗaya, kuma a lokacin ne zafin ya fi tsananta, don ba abin da nake yi sai sauraren jikina.

Baba Isufu: Ni a masallaci na gamu da tawa. Shekara 40 ina sahun gaba, yau a ce in jawo kujera? Na yi ta dannewa ina sujada, tashi ya gagara, sai na dafa na kusa da ni. Limaminmu ne ya ja ni gefe, ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Wallahi ranar sai da na yi hawaye.

Laminu: Banɗaki ma haka ne, ko da yake mutane na jin nauyin faɗa. Tsuguno yana matse gaɓar matuƙa. Kafinta zai iya fafe tsakiyar kujera a ɗora bisa masai. Da dare a kwanta ta gefen lafiya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Baba, ɗaga sandarku in gani. Wace ƙafa ce ke ciwo?

Baba Isufu: Ta dama. A dama nake riƙe ta.

Laminu: Ku maida ta hagu. Sanda a hannun da ke gefen lafiya take, ta sauka ƙasa tare da ƙafar mai ciwo.

Baba Isufu: Ikon Allah. Shekara guda ina yi a juye.

Hadiza: Yaya, kada lokaci ya ƙure ba mu taɓo ƙwayoyi ba. Masu tallar magani a tire suna bin unguwa suna haɗa wa mutum kala uku, kala huɗu a ƙullin leda.

Baba Isufu: Na sha, ba zan ɓoye ba. Sati biyu na ji kamar an sake ni, daga nan cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono.

Laminu: Irin su diklofenak ke nan, suna cin ciki, in an daɗe a kansu suna taɓa ƙoda, kuma mai sikila ƙodarsa da ma a wahale take. Tramol kuwa kun san abin da ya yi wa samarinmu. Amma wanda ya fi tada mini hankali deksa ne, wanda wasu mata ke sha don ƙiba. Yana kwantar da zafi nan take, sai dai yawan shansa na daga cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya. Maganin zafi yana da wurinsa, likita ne zai faɗi wanne, nawa, zuwa yaushe.

Hadiza: Yaushe ne mutum zai bar dabarun gida ya koma asibiti?

Laminu: In zazzaɓi ya haɗu da ciwon gaɓar, ko ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum farat ɗaya, ko aka ga ta gajarce, a tafi a ranar, kada a biya ta wurin mai ɗori. In kuma gaɓar ta lalace sosai, akwai aikin sauya ta da ta ƙarfe. Da tsada, wasu Yamai suke zuwa, wasu su tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Kano.

Hadiza: Ni an yi mini maganarsa, muna tara kuɗi a gida. Kafin nan, kullum bayan asuba ina kwanciya rigingine in tanƙwara gwiwa in ɗaga ƙugu sau 10, in sha ruwa sosai, in rufe jiki saboda sanyin nan.

Baba Isufu: Wannan ɗaga ƙugun an koya mini, na bari tun bayan salla. Laminu, in mun rufe ka sake nuna mini. Kuma ɗana ya ce zai sa wa keken ɗinkin inji, in huta da takawa.

Laminu: Ga tabarma nan, Baba, yanzu ma.

Hadiza: To masu saurare, ga kiran la'asar daga masallacin unguwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, a hagu fa.

Baba Isufu: Tana hagu, ɗiyata.