Husufi, Lissafi da Imani: Laccar da Aka Gabatar wa Ɗalibai a Jos

Assalamu alaikum. Na baya, ku matso gaba, akwai kujeru, kuma sanyin Jos ya fi cin wanda ke bakin ƙofa. (Dariya)

An ce in yi magana a kan kimiyya da addini, ko abokan gaba ne ko za su zauna inuwa ɗaya. Abubuwa uku na rubuto. Na farko husufi.

Wa ya tuna ranar Laraba, 29 ga Maris 2006? To, wasunku ma ba a yaye su ba. Ran nan da hantsi rana ta yi husufi. Mu nan Jos haske ya dushe ne kawai, amma wajen Gusau da Katsina duhu ya rufe, har kaji suka nufi akurki. An sanar tun kafin ranar, an faɗi sa'a, an faɗi garuruwan da inuwar za ta bi. Wani dattijo a unguwarmu ya tare ni, ya ce, “Malam, waɗannan mutane gaibu suke taɓawa?” Na ce, “Baba, ba gaibu ba ne, lissafi ne.” Wata ke shiga tsakaninmu da rana. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ke iya rufe ta ruf. Kuma abin yana da zagaye: bayan shekara 18 da kwana 11, husufi mai kama da wannan yana dawowa. Mutanen Babila sun gane haka tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

To ku saurara nan, don nan ne zuciyar maganata. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwar Ibrahim ne. Ku duba fa. Uba ne yana cikin baƙin ciki, jama'a sun kawo masa magana mai ɗaga darajarsa. Da ya yi shiru kawai, shi ke nan, ta zauna. Bai yi shiru ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun gani ku yi salla. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ya cire camfi, ya bar ibada. Zan maimaita: ya cire camfi, ya bar ibada. Bai ce kada a bincika yadda abin ke faruwa ba.

Muna yara, in an ce rana ta kama wata, sai mu fito da gwangwani da tsohon kwano muna bugawa, wai a sake shi. Hajiya tana dariya, ta buga ita ma. (Dariya) Wannan bugun gwangwani, ba kimiyya ba ce, ba kuma addini ba ne. Sau da yawa shi ne ake karewa da sunan addini.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, mutumin da ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi, da ya zo kan lissafin husufi sai ya ja kunnen malamai. Ya ce wanda ya ƙaryata wannan lissafi yana ganin addini yake karewa, cutar da addini ya yi, domin mai lissafin ya ga abinsa ya tabbata, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ina ganin wannan a aji. Yaro ya auna abu da hannunsa, ya koma gida a ce masa kafirci ne. Me kuke so ya zaɓa? Mu muka sa shi a tsaka mai wuya, ba littafi ba.

Lokaci na tafiya. Na biyu, faɗa tsakanin kimiyya da addini ya taɓa faruwa, ba na musu. A 1633 cocin Katolika ta gurfanar da masanin taurari Galileo don ya ce duniya ke zagaya rana. Amma 'yan'uwana Kirista da ke nan, Georges Lemaître da ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, fada ne na Katolika daga Beljiyam. Mu ma muna da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? Vom, nan kusa da mu, tun 1924 ake aikin rigakafin dabbobi, a da Bafulatani ya kai shanunsa a yi musu allurar cutar bushiya, ya kuma yi addu'a, bai ga karo tsakaninsu ba...

Na'am, ɗiyata, yi tambayarki.

(Wata ɗaliba: Malam, in lissafi ya san sa'ar husufi, me ya sa muke jiran ganin wata kafin azumi?)

Madalla! Ajiye takardar nan zan yi. Watan sama yana kammala zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44, a matsakaici. Lissafi ya san lokacin da za a haife shi. Amma haihuwa daban, ganuwa daban. Jinjirin wata da bai kai awa 15 ba, da wuya ido ya kama shi, balle ga hazo ko hadari. Hadisi kuma da gani ya rataya azumi, shi ya sa muke jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Malamai sun yi saɓani a kan dogaro da lissafi zalla, ni kuma ba mufti ba ne. Abin da zan tsaya a kai shi ne: in lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a yammacin nan, wani ya zo ya ce ya gan shi, to wani abu ya gani, ko tauraruwa ko jirgi. A tambaye shi cikin mutunci: ta wace kusurwa, ƙahonsa ina ya duba, ƙarfe nawa?

Ran 29 ga Sha'aban ku same ni, mu hau Dutsen Shere da na'urar hangen nesa. Ku zo da rigar sanyi. An kira salla, mu tashi.