Zuheros: Ƙauyen Zaitun a Duwatsun Andalus

Masu kallo, wannan farin ƙauye da kuke gani manne a jikin dutse sunansa Zuheros. Yana kudancin Sifaniya, a lardin Kurɗuba, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna a mota daga birnin. Mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Lungunansa matsattsu ne, gara mutum ya ajiye mota daga waje ya taka da ƙafa.

Ganuwar da ke can ƙololuwa Musulmin Andalus ne suka gina ta a ƙarni na 9, kafin Fernando na Uku, sarkin Kiristoci na masarautar Kastil, ya karɓe yankin a ƙarni na 13. In ka hau ka leƙo, itatuwan zaitun ne sahu-sahu har inda ido ya ƙure.

Baƙi sun fi zuwa lokacin bazara, amma a ganina wanda bai zo tsakanin Nuwamba da Janairu ba bai ga garin ba. Lokacin ne ake girbin zaitun. Da sassafe, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ake shimfiɗa raga ƙarƙashin itace, a girgiza rassan da na'ura, abin da ya maƙale a kaɗo shi da doguwar sanda. Ranar da aka tsinko ake kai shi wurin matsa, don in ya kwana a tule sai ya ɗau zafi ya fara tsami, man ya rage daraja.

A can za a wanke shi, a niƙe har da ƙwallon, a yi ta juya ƙullun a hankali yadda mata ke juya gyaɗa har mai ya taso. Masu sayar da shi a matsayin matsar sanyi ba sa barin zafin ya kai digiri 27 a ma'aunin Salsiyas. Daga nan inji ya ware mai daga ruwa da tunkuza. Kimanin kilo 5 na 'ya'yan zaitun ne ke ba da lita ɗaya, shi ya sa na gaskiya ba ya araha.

Sabon mai kore ne, da ɗan ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro. Kada ku ɗauka ya lalace, alamar sabon mai ce. Mutanen nan a kan gasasshen burodi suke zuba shi su karya kumallo.

Noman nan rai ne a hannun ruwan sama. Farin da aka yi a 2022 ya rage man da Sifaniya ke samarwa da fiye da rabi, farashi ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya, don babu ƙasar da ta kai ta yawan man zaitun.

Idan da sauran lokaci, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ke kwasar mai a da tana nan ƙasan ƙauyen, an mayar da ita hanyar keke da masu tafiya a ƙafa. Ku taho da rigar sanyi mai kauri da takalmin hawan dutse.