Famfon sodiyam da potasiyam: zaure ne mai ƙofa biyu

Tun makon jiya ɗaliban likitanci na nan Jos ke ta turo mini zane ɗaya a WhatsApp: famfon sodiyam da potasiyam na ƙoda, an zana shi kamar bututu, gishiri na kwarara ta ciki. Ƙannena, kalmar famfo ce ta ruɗe ku.

Famfon nan furotin ne da ke fitar da sodiyam daga ƙwayar halitta, ya shigo da potasiyam, kuma ɓangarori uku gare shi. Ƙaton ɓangaren shi ne alfa, ya ratsa bangon ƙwayar halitta sau 10. Na gefensa beta, ɗan ƙaramin kuma gama. Daga ƙodar alade masana suka fitar da wannan siffa a 2007, a Aarhus ta ƙasar Danmak, garin da Jens Skou ya gano famfon a 1957.

To, a nan nake so ku natsu. Ku ɗauko zaure a ranku, mai ƙofar cikin gida (wato cikin ƙwayar halitta) da ƙofar waje. Ta ciki ta buɗe, sodiyam 3 suka shiga suka zauna. Sai ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, ya manna wa alfa wani guntunsa ɗaya da ake kira fosfat, ƙofar ciki ta rufe ruf. Ku duba da kyau: yanzu duka biyun a rufe suke, baƙin suna tsare a tsakiya. Daga nan ne furotin ɗin ke murɗa jiki, ta waje ta buɗe, mazaunin ya daina riƙe sodiyam, su fice. Potasiyam 2 su maye gurbi, fosfat ya faɗi, a mayar da ƙofar waje, sannan a sake su cikin gida. Ƙofofin nan ba sa taɓa buɗewa tare. Da za su yi haka, sodiyam zai tuɗaɗo ya dawo ciki, ATP ya tafi a banza. Wallahi duk sanda na kalli wannan motsi sai tsigar jikina ta tashi.

A ƙoda kuwa, ta ɓangaren jini famfon yake zaune. Yana kwashe sodiyam daga ƙwayar, na cikin ruwan da aka tace sai ya shigo ta wasu kafofi, ruwa ya bi shi. Shi ya sa ƙoda ke tace kusan lita 180 a yini amma fitsarin bai fi lita 2 ba.

Akwai wani tsiro mai suna kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Sinadarinsa ta ƙofar waje yake shiga, ya tokare ta, famfon ya tsaya cak.