Ɗaurin Notin Shokazoba na Baya a Mazda MX-5

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan 'yar motar da kuke gani a kan jak ita ce Mazda MX-5, wadda a Amurka suke kira Miata. Samfurin farko ce, wanda aka fara nunawa a birnin Shikago a 1989, aka ci gaba da ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Japan har zuwa 1997. Kujera biyu gare ta, ba ta da nauyi, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Saboda haka duk ɗan kuskuren da aka yi a ƙafar baya, direba zai ji shi a jikinsa tun daga kwanar farko.

Yau sabon shokazoba za mu saka mata, amma maganarmu a kan ɗaurin noti take.

Ga kayan aikin: sufanar awo. Kana saita mata adadin da kake so, idan ɗauri ya kai sai ta yi ƙas. Da ka ji, tsaya. Kada ka ce bari in ƙara ɗan kaɗan don hankali ya kwanta, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke cinye zaren bol. Ku kuma lura da ma'aunin da ke jikinta. Littafi zai iya ba ka adadi da niyuton mita, sufanarka kuwa tana ƙirga fam da ƙafa irin na Amurkawa. Fam ɗaya na wannan ma'auni ya kai niyuton mita 1.36, don haka mai rikita su zai iya zarce awo da fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Wuri uku za mu ɗaure. Na farko notin tsakiya, wanda ke kan sandar shokazoba, shi ke riƙe hular sama a kan sifirin. Ana ɗaure shi tun kafin a kai kayan jikin mota, niyuton mita 31 zuwa 46. A nan ajiye bindigar iska, wato injin ɗaure noti mai aiki da iska. Idan ta juya sandar da gudu, robar da ke tare mai a ciki za ta iya lalacewa, sabon kaya ya fara yoyo. Sifirin kuwa, kada a kusanci wannan noti sai an matse shi da abin matsewa, domin idan ya kuɓuce ba ya tambayar fuskar wa ke gabansa.

Na biyu, ƙananan noti biyu na sama, ta cikin but ake samun su. Na hagu yana maƙale kusa da bututun zuba mai, sai an yi haƙuri. Su 29 zuwa 36 ne kawai. Hannu zai ce maka bai isa ba. Ya isa.

Na uku shi ne babban bol na ƙasa, wanda ya haɗa shokazoba da hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar taya da jikin mota ta ƙasa, 73 zuwa 93. Nan ne har ƙwararrun makanikai kan yi tuntuɓe, kuma ba a adadin ba, a lokacin ɗaurewa.

Dubi idon shokazoba ɗin nan, wato ramin da bol na ƙasa ke ratsawa. Akwai roba a ciki, a tsakiyarta kuma ɗan bututun ƙarfe da ke manne da ita. Da zarar ka ɗaure bol, bututun ya kafe, ba ya ƙara juyawa. Duk hawa da saukar da taya ke yi, robar ce ke murɗewa ta dawo. To, yanzu mota na sama, ƙafa tana reto. Idan ka ɗaure a haka ka sauke ta, robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ko motar tana ajiye. Sannu a hankali ta tsage, ka fara jin ƙara a kan gargada, ka ɗora laifi a kan mai sayar da kaya.

Abin yi shi ne ka saka bol, ka ɗaura shi da hannu kawai. Sannan ka sa nauyin mota a kan ƙafarta: ko dai tayoyi su zauna a kan tudun hawa yadda za ka iya shiga ƙasa, ko ka ɗaga hannun ƙasa da jak har ya kai inda yake tsayawa idan mota na kan titi. Sai ka kawo sufanar awo. Ni nakan saita 83, tsakiyar awon ke nan. Kuma don Allah, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa ƙafafun ƙarfe.

A goge zaren bol ya fita tas, a bar shi a bushe. Mafi yawan ƙarfin da kake sawa gogayya ce ke shanye shi, idan ka shafa giris sai ya yi santsi, bol ya miƙe fiye da kima alhali sufana ba ta yi ƙara ba.

Waɗannan adadi na samfurin farko ne. Mai sabuwar MX-5 ko wata mota daban ya buɗe littafin tasa.

Yanzu a mayar da taya, a ɗaure notinta huɗu a gicciye, wajen niyuton mita 100. Idan an gama, a sassauta sufanar zuwa awonta na ƙasa kafin a mayar da ita akwati, don kada sifirin ɗinta ya gaji. Sai mu zagaya ɗaya gefen.